Bokitin da Ya Ci Kofi

Zuwa ga Kawuna,

Kawu, ka taɓa ganin an tafa wa mutum a kan maganar da shi da kansa ya ƙaryata a rubuce? Ni na gani, a cikin jami'ar nan da kake ce mana idan gaskiya ta ɓace a gari, can za a je a nemo ta. Ka gafarce ni, na sa tambaya gaban gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin can bai dame ta ba. Mama tana nan ƙalau, ta fara rage gishiri kamar yadda ka ce, amma fa idan ana kallonta. Yaya ta miƙa kundin digirinta na biyu, ni na ɗinke shi da hannuna. Ni kuma ina nan a shagonmu na bakin ƙofar jami'a, tsakanin injin kwafi da tukunyar gam.

Ka san halina, takarda ba ta wuce ni. Kundi yana zuwa mana kwafi biyar, sai na jera shafuka, na daidaita gefe, na yanke, na huda, na ɗinke, na matse shi a ƙarƙashin ƙarfe har gam ya kama. Kafin gam ya bushe na karanta rabi. Haka na koyi abin da na koya tun da na bar aji, da tsohon ƙamus ɗin da ka bari wanda bangonsa ya rabu da shi. Masu kundin da yawa ba su san ina karantawa ba. Suna miƙo mini kamar suna ba injin.

To, makon shekaranjiya aka yi wata gasa a babban ɗakin taro. Ɗaliban babban digiri ne, kowa a ba shi minti uku da hoto ɗaya a allo, ya bayyana bincikensa yadda mai sayar da kayan miya zai gane. Minti uku na cika a buga ƙararrawa. Wallahi da na ji tsarin na yi murna, na ce yau ilimi zai sauko daga bene. Aka aika mota unguwarmu ta kwaso mata da dattawa don su zama su ne jama'ar gari. Goggo ta shiga motar da sabon mayafinta, aka zaunar da su a layin gaba inda mai kyamara zai same su da kyau.

Yaya ce ta huɗu. Shekara biyu ta yi tana gwada wani ganye da ake cewa yana hana ƙwari cin wake a buhu. Ta tsaya ta ce ta gwada buhu sittin, ganyen bai hana komai ba, kada kowa ya dogara da shi ya yi asarar amfaninsa. Ta gama da sauran daƙiƙa ashirin. Aka yi mata irin tafin da ake yi wa yaron da ya faɗi a tsere ya tashi. Ban ji haushin wannan ba, ita ma ba ta ji ba.

Sai wani ya hau, mu a shago Mai Kwat muke ce masa, don ko ranar da kwalta ke narkewa da kwat yake zuwa karɓar kwafi. Hotonsa bokiti ne mai famfo a gindi, an jera tsakuwa da yashi da gawayi a ciki. Ya fara da muryar mai ta'aziyya, ya ce mu tuna uwa mai hura wuta tana hawaye don ta tafasa wa ɗanta ruwa. Sannan ya ɗaga kwalabe biyu, ɗaya ruwan rijiya ja kamar an wanke tukunya, ɗaya fari tas. Ya ce da wannan bokiti uwa ta huta da itace, ta huta da hayaƙi, ta ɗebo daga rijiya ta ba jaririnta. Yana rufe baki ƙararrawa na bugawa, kamar tare suka yi atisaye. Ɗaki ya ɗauka da tafi. Alƙalai biyar, duk manyan malamai, suka ba shi kofi.

Kawu, kundin mutumin nan ni na ɗinke shi, bango shuɗi, kwana tara kafin gasar. A shafi na ɗari da goma sha biyu ya rubuta da kansa cewa bokitin yana cire laka da wari, amma ƙwayoyin cutar da suka auna sun ragu ne kawai, ba su ƙare ba, don haka dole a tafasa ruwan kafin a sha. Ba sau ɗaya ya faɗa ba, ya sake a shawarwarin ƙarshe. Aikinsa na gaskiya ne, a takarda. Da ya hau dandamali sai ya ga jimlar nan ba ta da kyau a hoto, ya bar ta a gida. Ba lokaci ne ya hana shi ba. Na gwada da agogon shago, a ce amma fa a tafasa, daƙiƙa biyu ne. Ya sami daƙiƙa arba'in na hawayen uwa.

Ba a ba da damar tambaya ba, wai dokar gasar ce. Na tare shi a baranda yana rungume da kofinsa, na karanto masa lambar shafin. Ya dube ni daga takalmi zuwa hula, ya ce ai magana ce ta jama'a, jama'a ba sa son dogon bayani, wanda yake son cikakke ya je laburare. Goggo ce za ta je laburare? Na sami shugaban alƙalan, farfesan nan mai farin gemu da kuka yi aji ɗaya, ya dafa kafaɗata ya ce su iya isar da saƙo suka auna, ba su zauna duba kundi ba. Wato sun auna yadda aka zuba, ba su leƙa abin da aka zuba ba. Maigidana na shago kuma ya ce in kama bakina, aikina ɗinki ne.

Ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Washegari Goggo ta sa aka huda mata bokiti, ta wanke yashi, ta daka gawayi. Ka san yara bakwai ne ke wuni a wurinta idan iyayensu sun tafi aiki, har da jikanta na goye da aka fara ba ruwa. Tukunyar da take tafasa wa yara ruwa tun ina ƙarami yanzu an kife ta a bayan ɗaki. Maƙwabta uku sun kwaikwaya. Na kai mata kwafin shafin, na fassara mata layi-layi. Ta ce ita da kunnenta ta ji, a gaban farfesoshi, kuma ta ga an ba yaron kofi, ni wa ya ba ni ko cokali. Yaya ta je ta yi mata bayani, Goggo ta ce zafin kaye ne ke damun Yaya. Na goyen ya kwana biyu yana gudawa, an ba shi ruwan gishiri da sukari ya tsaya. Ban ce ruwan ne ba, ni ba likita ba ne, kuma ba zan yi abin da nake zargin wani da shi ba. Amma kullum na wuce sai na ga yaran a layi da kofunansu a gaban famfon nan.

Goggo ba ta yi wauta ba. An ɗauko ta a mota, an zaunar da ita a gaba, masu ilimi sun yi magana, ta yarda. Abin da aka ɗaura da lasifika, raɗar ɗan shago ba za ta kwance shi ba.

Shi ya sa na rubuto maka. Farfesan nan zai ɗauki wayarka, tawa ba zai ɗauka ba. Ba na neman a ƙwace kofin, Mai Kwat ya ajiye abinsa ya riƙa gogewa. Ka gaishe mini da Anti, da 'yan biyu, da Autarku mai tambayar tsiya, na ji daɗi da aka ce ta gado ni. Mama da Yaya suna gaisuwa, Goggo ma, ko da yake fushi take da ni.

Ka faɗa wa farfesan su sake aiko motar nan, ta kwaso matan nan, a zaunar da su a kujerun da suka zauna. Mai Kwat ya hau, alƙalai biyar a bayansa, ya buɗe shafi na ɗari da goma sha biyu ya karanta da ƙarfi. Sannan ya dubi Goggo ya amsa mata a gaban kowa: ruwan bokitin nan, a ba jariri ko kada a ba shi? Na ba shi minti uku.

Ɗanka mai baki,
na shagon ɗinkin kundi