Bakwai, Sha Ɗaya, Sha Uku

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyunki masu cinye mini murfin biro.

Saƙonki ya iso. Wai ba za ki zo ba, zuciyarki ba za ta ɗauki Baba ya dube ki kamar baƙuwa ba. To sannu, mai zuciyar ƙwai! Mu da muke juya shi muna goge masa baki, ta dutse aka ba mu?

Tun da shanyewar jikin nan ta riƙe masa harshe, kowa ya shigo ɗakin sai ya yi ta zancensa a gabansa kamar buhu aka jingine. Kawu har cewa ya yi mutumin ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage. Amsar da na ba shi ta sa Inna ta kore ni waje da tsintsiya.

Kin tuna shagon Baba na gyaran rediyo? Yakan karanto lambar da ke bayan kowace rediyo, ya ce in nemo abin da zai raba ta babu saura. Wadda ta ƙi rabuwa sai da ɗaya da kanta, yakan ce 'yar'uwata ce, mai taurin kai. Da wannan zan gwada shi.

Ki gaida kowa, har da zuciyar taki.

Ƙaninki,
Taurin-kai

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa. Yaya jikin yaran?

Na rubuta 523523 ɓaro-ɓaro a bayan kwali, na kafa wa Baba a ido. Na shara masa ƙarya, na ce na duba tsofaffin littattafan da nake tsinta, wannan lambar ba ta rabuwa da komai. Alhali shi ya koya mini cewa lambobi uku in suka maimaita kansu, bakwai na raba su, sha ɗaya ma, sha uku ma.

Ya daɗe yana kallo. Wallahi Yaya, har na fara tunanin ko Kawu ne da gaskiya.

Sai hannun hagun ya lalubo cokalin magani. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado sau bakwai. Ya huta. Sau sha ɗaya. Inna ta saki kofi a ƙasa. Na uku ya yi sha biyu ya tsaya yana haki, na sunkuya in karɓi cokalin, ashe jirana yake. Ta sha ukun a tsakiyar kaina ya sauke ta.

Da na ambaci sunanki, ƙofa ya juya yana kallo, har yanzu bai daina ba.

Ki taho. Ƙullutun yana nan, zan ajiye miki ki taɓa.

Naki har kullum,
Taurin-kai