Yarinya Ta Tsala wa Ɗana Bulala a Aji

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara kafin in yi abin da gari zai ɗauka. Ni akawu ne a ofishin gwamnati, ina zaune a Unguwar Kanawa. Ɗana Sanda, shekararsa goma sha huɗu, yana ajin ƙarshe na babbar firamare, irin makarantun nan da ake cakuɗa maza da mata kamar awaki. Tun farko raina bai so ba, rashin wata a kusa ya sa na haƙura.

Malaminsu yana da wata muguwar al'ada. In ya yi tambaya, wanda ya ci, shi ake miƙa wa bulala ya zane waɗanda suka faɗi. Ran nan aka yi tambayar lissafi, Sanda ya kasa, wata yarinya wai ita Hansai ta ci. Ta tsala masa a gaban kowa, an ce har da murmushinta. Yanzu yaran unguwa "mijin Hansai" suke kiransa. Yaro ya ƙi makaranta, kullum yana tashar jirgi yana kallon 'yan dako, ga jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato. Uwarsa sai kuka. Da ma tun da aka haɗa shi da 'yan mata ba ya aikin komai sai karya hula da shafa mai, littafi kuwa ko oho. Wallahi na tsani makarantar nan. Me mace take nema a cikin maza? Niyyata in tara iyaye mu sa a kori 'yan matan, in abin ya faskara in cire shi.

Uba Mai Takaici, Kaduna

Uba Mai Takaici, na ji zafinka, kuma kana da gaskiya a wuri ɗaya. Malamin da ke sa yaro ya doki ɗan ajinsu, mace ko namiji, ƙiyayya yake shukawa, ba ilmi ba. Ka sami hedimasta, kai kaɗai ba da gayya ba, ka nemi a daina. Zaman samari da 'yan mata ma yana son sa ido. A raba musu benci.

Amma ka fita harkar 'yar mutane. Hansai ba satar amsa ta yi ba, karatu ta yi lokacin da ɗanka yake gaban madubi. Da namiji ne ya zane shi, za ka rubuto mini? Ko ka kori matan duka, Sanda dai bai iya lissafin ba.

Gobe da safe ka kai shi makaranta da ƙafarka. Da la'asar ku shimfiɗa tabarma ku yi lissafi, ai kai akawu ne. Sunan tsokana yakan mutu in mai shi ya daina gudu. In kuwa ka cire shi, Hansai za ta wuce sakandare, shi ya zauna da sunan har furfura.

Allah ya huci zuciyarka, ya ba Sanda sa'a.