Farar da Na Kifar a Kasuwar Agadez

Zuwa ga Tabawa, sanyin idona, dabinon Ingall, ruwan Timia mai kashe ƙishin matafiyi,

Ina gaishe ki, amma zuciyata tafasa take. Ni kika aiko wa cewa kada in ƙara taka ƙofar gidanku? Ni, Chaibou? Don tiren soyayyiyar fara da na kifar a gaban matan kasuwa?

Na kifar, ban musa ba! Daga lambunan Dabaga aka kwaso farar nan, kuma ni da hannuna na yi mata feshin magani shekaranjiya. Ta zube ƙasa, masu kwasa suka ce banza ta faɗi, suka cika buhuna. Na iske ki kin barbaɗa mata yaji, kin ɗauki ɗaya za ki kai baki. Me kike so in yi? In tsaya gaisuwa har ki haɗiye?

Kin manta ranar da muka zauna gindin rumman a lambun babanki? Kika kama wata koriyar fara, kika ce wannan mai kunyar ba ta cutar kowa. Na gaya miki ai ita ce dai farar da ke cinye gonaki. Ita kaɗai take zama a rairayin Tamesna, tana gudun 'yan uwanta. Sai damina ta yi kyau su hayayyafa, ciyawa ta bushe su takura wuri guda, ƙafa na gogar ƙafa, launinta ya juye, halinta ya ɓaci. Daga nan ba ta san iyakar ƙasa ba, tun Muritaniya har Indiya. Masana ma sun ce tushen zuriyarta nan Afirka yake, kakanninta suka bi iska suka tsallake teku zuwa Amirka. Abin da teku bai tare ba, bugun gwangwanin da manoma ke yi don korar fara zai tare shi? Shi ya sa muke feshi.

Haba, hasken raina! Na san na ba ki kunya, kuma ya dame ni. Kwanan nan ko shayi ba ya yi mini daɗi. Zan zo gaban matan nan in ba ki haƙuri, zan kawo miki buhun fara mai tsabta daga Maraɗi. Amma in ce na yi kuskure? Wallahi ba zan faɗa ba.

Gara ki ƙi ni kina raye, Tabawa, da in bi makararki kina sona.

Naki, ko kin buɗe ƙofa ko kin rufe, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,
Chaibou