Baba Ya Ga Burkin

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya sanyin Kano?

Albishirinka, Baba ya yi magana, karon farko tun ciwon nan da ya ɗauke masa magana. Yara suna hutun lakwal, ba makaranta, sanyi ya hana su fita, suka kunna tseren motoci a tele. Wata jar mota ta doshi kwana, sai muka ji Baba daga shimfiɗarsa ya ce, "Ya makara da burki." Kafin mu juyo, motar ta bar hanya.

Inna ta fashe da kuka. Shi kuwa tsaki ya ja, ya ce, "Direbobin yanzu." Tsohon direban hanyar Gidimuni ke nan, idonsa bai tsufa ba.

A ci gaba da addu'a. Gai da Maryama da yara. Ka kira Baba, yanzu zai amsa.

Ƙanwarka Zuwaira,
Damagaram