Ƙusar Zanen Baba

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Auta ta koma aiki, ƙafar Kawu ta yi sauƙi. Umma ce dai, idon dama ma ya bi na hagu, likita ya ce sai haƙuri. Yanzu da lalube take gane ƙofar ɗakinta.

Maganar zanen Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, wannan da babu mutum babu itace a cikinsa, sai launuka da ya shafa da bakin wuƙa har fenti ya yi tudu da kwari. Ka cire shi daga bangon Umma bayan rasuwarsa, ka ce za ka sa a yi masa firam, a zagaye shi da katako, ka dawo da shi. Shekara huɗu ke nan. Sau uku na rubuto maka, a na ukun ka turo hoto ta waya.

Da hoton na yi aiki. Tunda Umma ba za ta gani ba, na ce bari in yi mata wanda za ta taɓa. Na tara ƙananan bulon roba na wasan yara, masu maƙalewa da juna, na raba hoton gida-gida kamar takardar lissafi, na riƙa dasa su a kan allo. Inda fenti ya yi kauri in ɗora hawa huɗu, inda ya kwanta in bar ɗaya. Wata bakwai teburin cin abinci na cike da kwanukan shuɗi da ja da ruwan toka, har Auta na tsokanata wai ga furfura ga wasan yara.

Ranar da muka jingina shi a ɗakinta, Umma ta bi shi da tafin hannu daga sama har ƙasa. Ta ce aiki ya yi kyau, Allah Ya yi mini albarka, amma wannan ba na mahaifinmu ba ne. Shekara talatin tana share masa ƙura, in ji ta, jan tudun nan da tsumma ke maƙale mata a jikinsa, a dama yake. Me ya kai shi hagu? Na koma na ƙura wa hoton ido. A gefe ga kalandarka, lambobinta a juye. Ashe hoton kanka ka ɗauka da kyamarar gaba, mai juya abu kamar madubi, zanen na bayanka a falonka, ka yanke fuskarka ka turo mini saura. Shekara ashirin ina kama irin wannan kuskure a maɗaba'a, na gida ya wuce ni. Wannan laifina ne. Sauran naka ne.

Na ce zan warware in sake. Ta hana, ta ce a ba jikoki bulonsu, ita ba ta san ko tana da wasu wata bakwai ba. Kayan aro ba ya rufe katara, don haka kada ka sake turo hoto. Baƙinka suna da ido, ba za su rasa abin kallo ba. Umma yatsu goma suka rage mata, abu ɗaya kuma suke nema.

Ka gaida maiɗakinka da 'yan biyu. Kawu da Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Umma ma tana gaisuwa, ta ce kada ka wahalar da kanka da firam. Ƙusar na nan inda ka bar ta, kullum da safe sai ta taɓa ta.

Ka huta lafiya,
Yayarka