Shukar Hambali a Bakin Teku

Jihar Ribas,
4 ga Maris, 1972.

Zuwa ga matata Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Talatu da duk mutanen Zandam.

Kin tambayi wane aiki ne ya ɗauko malamin gona daga Birnin Kudu ya kawo shi nan. Fadama ce, Turai, amma ruwanta gishiri ne. Sau biyu a rana teku yake shigowa ya rufe ta, ya kuma janye. Akwai wasu itatuwa masu tsayawa a kan saiwoyinsu cikin taɓo, a ƙarƙashinsu kifi yake ƙyanƙyasa. Wata malamar jami'a, Dakta muke ce mata, ita ke binciken yadda za a mayar da su inda aka sare. Ni nake dasawa, ni nake aunawa. Mun dasa dubu uku. Na saba da taɓon, kewarku ce na kasa sabawa da ita.

Naki,
Hambali.

19 ga Oktoba, 1973.

Turai,

Ina gaishe ki, ina yi wa Inna sannu da jiki. Takardarki ta iso. Na ji gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba, shanun Yaya Manu kuma saura biyu. Na daɗe riƙe da takardar a hannu.

Nan ma ba daɗi. Bututun wani kamfanin mai ya fashe a sama da mu, ruwa ya kwaso ɗanyen man ya shimfiɗa a kan shukarmu. Kwana tara muna goge ganye da tsumma, ɗaya bayan ɗaya. Ƙaguwa ta fito daga ramukanta ta mutu a fili. Wani tsohon masunci ya tsaya yana kallonmu, ya ce in bari, abin ya riga ya shiga ƙasa. Ban bari ba. Dakta ta rubuta rahoto ta kai birni da kanta.

Ki yi haƙuri da rashin zuwana da salla.

Mijinki,
Hambali.

2 ga Mayu, 1974.

Turai,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ji ƙan Inna, ya saka miki da jinyar da kika yi ke kaɗai. Labarin ya same ni bayan an yi sadakar bakwai.

An rufe aikinmu. Rahoton Dakta yana can a ofis, an ce ana dubawa. Ranar da za ta tafi ta ba ni hannu, ta ce ba laifina ba ne. Cikin dubu ukun, goma sha ɗaya ne ke da ganye, su ma sun fara rawaya. Masunta sun kwashe jiragensu sun yi gabas. Shekara biyu na bar ki da gona da tsohuwa, ina gaya wa kaina abin da nake yi zai amfani wasu.

Zan taso ranar Litinin, in Allah ya yarda in sauka Gwaram ranar Alhamis, daga nan in ƙaraso Zandam. Ki gaya wa Talatu mutumin da zai yi sallama babanta ne, don kada ta tsorata. Kada ki wahalar da kanki da girkin tarya. Na san abin da ya rage a rumbu.

Naki har kullum,
Hambali.