Ɗaya a Kan Kowane Dutse

Tsibirin Cedros,
Lahadi, watan Satumba.

Zuwa ga Yayana Eleuterio,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti Griselda da yara. Allah ya sa sanyin Alaska bai gama cinye maka ƙashi ba, ya kuma ƙara maka ƙarfin aiki. Mu nan sai godiya. Mijina Fermin na fita teku kullum, yana dawo mana da surutu fiye da kifi. Ƙafar Baba da sauƙi, amma idon ya tafi, Yaya. Ko ni sai na yi magana yake gane ni.

Maganar Baban ce ta sa na rubuto. Ka san dokarsa tun yana nutso ciro katantanwar tekun nan, farin abulon: ba ya share dutse tas, sai ya bar katantanwa ɗaya, mafi girma, wai iri. Kai shaida ne, kai ke riƙe masa igiyar iska da yake numfashi ta cikinta. Mutum nawa ya zaga a bakin jirgi a kan wannan doka? Har yau da ita yake taƙama, wai duk tsibirin nan ɓarayin teku ne, shi kaɗai ne manomi.

To, a watan jiya masu bincike suka zo ƙirga abin da ya rage, shugabarsu wata mai suna Itzel. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya zayyana musu duwatsunsa, Fermin ya kai su. Sun samu, amma ɗaya nan, ɗaya can nesa, duk tsofaffi, ko ƙarami guda babu. Ina soya musu kifi Itzel ta yi mini bayani a hankali. Ashe su a ruwa suke zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa, ruwa ya haɗa, kuma in tazararsu ta wuce 'yan taku kaɗan ba a haɗuwa. Wato duk wadda Baba ya bari, shekara da shekaru tana zaune ita kaɗai tana zuba ƙwanta a banza. Wallahi sai da kifin ya ƙone a hannuna. Huɗu suka ɗauka zuwa tankinsu a garin Ensenada ko za su hayayyafa, uku mata, namiji ɗaya. Namijin ya mutu makon jiya.

Na ja kunnen kowa kada Baba ya ji. Amma ka san bakin Fermin, kwando ne. Muna cin abinci Baba ya tambaya ko irinsa sun yi jikoki, wannan sakaran ya kwashe komai ya faɗa, har da cewa ai da ma Tsoho ya cinye su da ya fi riba. Na taka masa ƙafa, ina, ya riga ya gama. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ture kwano, ya ce ashe ba iri ya bari ba, kurkuku ya yi musu. Kwana biyu ko shayi bai sha ba.

Sai shekaranjiya ya kira ni, ya ce akwai dutse ɗaya da bai faɗa wa kowa ba, can bayan tsibiri, mai zurfi. Wai ranar da igiyar iska ta toshe ka jawo shi sama da gaggawa, manya biyu ya bari a wurin, manne da juna, bai samu ya ciro ɗayar ba, bai kuma sake komawa ba don tsoro. Ya ce sai an daidaita tsinin tsauni da wani farin dutse na gaɓa ake samun wurin, shi ba ido, kai kaɗai ka rage da ka sani. Itzel ta ce za su jira zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan iska ta rufe hanya sai baɗi. Baba kuwa ban ga alamar zai kai baɗi ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ban sa rai. An fi shekara ashirin, kuma ko suna raye wa ya sani ko mace da namiji ne? Itzel ma da na tambaye ta sai ta kau da kai. Na faɗa wa Baba haka ƙiri-ƙiri, don na gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce ya sani, ba yaro ba ne shi. Ya ce in gaya maka ko ɓawo ne kawai ya rage, ka zo ka nuna wurin a ciro masa guda biyun tare, ya shafa da hannunsa, ya san ko sau ɗaya ya yi daidai, ko da bisa kuskure ne.

Ka gaishe mini da Anti Griselda, da Ulises da 'yar lelena Maribel. Gwaggo Chayo na gaishe ka. Fermin ma na gaisuwa, duk da har yanzu ba na yi masa magana. Don Allah, Yaya, ka zo.

Taka ƙanwa,
Nicanora